Goran Irin Albasar Gidanmu

Makon jiya aka tumɓuke jigo na ƙarshe da ya rage a fadamarmu. Ba wanda ya yi shawara da ni, kuma ban ga laifinsu ba, don itacen ya daɗe da zama abincin gara. Ɗana ne ya sa aka cire shi domin a sami wurin kafa allon sola, wannan baƙin gilashi da ke shan rana ya jawo ruwa daga ƙasa ba tare da kowa ya yi gumi ba. Na tsaya a bakin gona ina kallon ruwa na bin fangaloli shi kaɗai, samari kuwa sun miƙe ƙafa a gindin mangwaro, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya. Ba zan ɓoye ba, haushi na ji. Ba haushin lalacin yaran yanzu ba, wanda tsofaffi ke fakewa da shi. Ƙyashi ne tsagwaronsa. Ruwan da na ƙarar da kafaɗuna wajen ɗagowa guga guga, yau ga shi yana zuwa wa waɗanda ko kanta ba su da ita a tafin hannu. Da na dawo gida na zauna a zaure, sai na tarar ba su nake tunani ba. Gajere nake tunani, da goran iri, da abin da na yi wata ranar kasuwa.

Da can fadama tana da murya. Da an sallame sallar asuba jiguna za su fara kuka. Wanda bai san jigo ba, doguwar sanda ce a ɗore a kan gwafa a bakin rijiyar fadama, an liƙa mata curin laka a gindi, an ɗaura guga a kai. Ka ja ƙasa guga ya nutse, ka saki nauyin laka ya taya ka ɗagowa, ka juye a hanyar ruwa, ka sake, har rana ta take tsaka. Kowane jigo da irin kukansa. Na gidanmu ƙara gare shi siririya kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba, na maƙwabtanmu kuwa gurnani yake yi. Mata na cikin gida suna surfe, amma sun san wanda ya fara aiki da wanda barci ya danne, har wata ta leƙa ta danga ta ce wa maƙwabciyarta yau kam ba ta ji maigidanta ba, ko lafiya. Da hantsi 'yan mata su biyo gefen gona da ƙwaryar fura a ka, Fulani su ratso da shanu zuwa gulbi ana ta ihun a kula da shuka. In lokacin cira ya zo, gari duk ya ɗauki warin lawashi, wato ganyen albasa, don mata na dakawa suna dunƙula gabu suna shanyawa a kan zana, kuma duk miyar da za ka sha har damina da shi za a yi ta. Yanzu fa? Da injin ban ruwa ya zo, kukan kowa ya zama ɗaya, ba ka sanin na wane ne. Solar nan kuwa ko tari ba ta yi. Ka ratsa fadama daga wannan baki zuwa wancan, ba abin da za ka ji sai waƙa daga wayar wani.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu a wancan zamani ya san abin da wannan ke nufi. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Kunya ce, kuma manya na ganinta abin yabo. "Kai" nake a bakin Baba, in kuwa ba na wurin, "yaron nan". Da ni kaɗai ne da abin bai dame ni ba, don duk 'ya'yan farin garin haka suke. Amma akwai Gajere. Ɗan ƙanen Baba ne, mahaifinsa ya rasu yana rarrafe, aka kawo shi gidanmu. Damina ɗaya na girme shi, shi ya sa yake ce mini Yaya. Shi ba kunya tsakaninsa da Baba. A akushi ɗaya suke ci, Baba ya tsamo tsoka ya ajiye a gabansa, ya ja masa kunne, ya tsokane shi a kan gajarta har ya yi dariyar da ake ganin dasashi. Ni ina gefe da nawa akushin, tuwo iri ɗaya, miya iri ɗaya, amma wallahi nasu ya fi nawa daɗi a idona. Ba wai Gajere ya taɓa yi mini wani abu ba, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mugu ne da na sami abin riƙewa. To yaro ne mai sanyin hali, in ka ture shi ya faɗi sai ya tashi ya tambaye ka ko ka ji ciwo.

Gidanmu ba na sarauta ba ne, ba na malanta ba, ba mu da shanu. Abin da aka san mu da shi iri ne. Akwai wani gora a rataye a ɗakin Baba, ya yi baƙi ƙirin saboda hayaƙi da maiƙon hannu, an toshe bakinsa da totuwa, a ciki kuwa irin albasa ne gauraye da toka don kada ƙwaro ya taɓa shi. Daga kakanmu ya zo. Albasarmu ja ce, ba ta cika girma ba, amma tana da yaji, kuma tana zama a rudu tun daga bazara har bayan damina ba ta ruɓe ba. Rudu shi ne ma'ajiyarmu: a kafa sanduna, a shimfiɗa kara nesa da ƙasa don iska ta riƙa ratsawa, a zuba albasa, a yi mata jinka. Da damina ta ja baya sai mutane su fara sallama a zaurenmu, daga Fagada, daga wajen Maiyama, har daga Aliero inda kowa ke ganin shi ne uban albasa, suna neman ko cikin tafi ɗaya. Baba ba ya hanawa, zai zazzaga wa mutum a ƙyalle a yi addu'a a rabu. Wanda ke riƙe da goran nan shi ne gidan. Shi ke ware fangalin iri, shi ke cewa yau za a yanke ruwa, shi ke zama bayan damina ya zaɓi albasar da za a mayar ƙasa ta yi fure ta ba da sabon iri. Tun ina ƙarami nake kallon goran a matsayin nawa, jira kawai nake yi.

Ƙarfi kam Allah ya ba ni. A jigo ba saurayin da ke kamo ni, Gajere kuwa in ya ja guga ashirin sai ya zauna yana haki, kuma na ɗauka abin da ake dubawa ke nan. Wata shekara bayan damina, mun fara zama samari, Baba ya sa muka sauko da albasa daga rudu muka zube a tabarma, ya ce kowa ya zaɓo masa goma da yake ganin sun isa iri. Ban ɓata lokaci ba, na tsinto manya manya masu sheƙi na jera. Baba ya ɗauki ta farko ya matsa wuyanta da babban yatsa, bai ko dube ni ba.

"Kai, wagga ta kasuwa ta. Aje ta can."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, biyu kawai ya bari. Gajere kuwa yana can yana juya albasa a tafinsa kamar mai lallashin ɗan tsako, ya auna nauyinta, ya murza ɓawo, ya kai hanci. A cikin waɗanda ya kawo ba wadda za ta burge mai saye.

"Wa ag gwada maka?" in ji Baba.

"Ba kowa, Baba. Na dai ga yadda kaka yi. Wadda wuyanta yaƙ ƙulle, kuma tay yi nauyi ga hannu, ita nika ɗauka."

Baba ya yi dariya ya dafa kansa. "Wanga yaro hannu garai."

Da maganar nan na kwana, da ita na tashi. Na sha ɓuya bayan rudu ina matsa wuyan albasa ina shinshinawa, amma ni dai duk warinsu ɗaya ne a hancina.

Shekarar da aka sa ranar aurena Baba ya fara fama da ciwon baya. Ranar da za a yafa iri ya fito da goran, muna tsaye mu biyu a tsakar gida, mata na kallo daga bakin madafa. Har na goge hannuna a riga. Ya wuce ni.

"Gajere, daga bana gora na hannunka. Hwangalin iri ma naka na. Kai ka cewa a ba shi ruwa, kai ka cewa a yanke."

Ban san yadda na bar wurin ba. Kakarmu, mahaifiyar Baba, ita ta same ni a bayan rumbu ina sassaƙa ƙotar fartanyar da ba ta buƙatar sassaƙa. Ita kaɗai ke wasa da ni a gidan, maigida take ce mini.

"Maigida, mi aɓ ɓata maka rai haka? Gora? Duma na hwa, ga su can bisa danga, in tsinko maka goma."

Na ci gaba da sassaƙa.

"Ubanka ba ƙinka shika yi ba. Iri shika dubi, ba ɗa ba. Kai yi ta jan ruwanka, kowa da abin da Allah yab ba shi."

Ta yi nufin ta sanyaya mini, amma wutar ta ƙara hurawa. Wato ni na jan ruwa ne, shi na riƙon gida. Duk ranin nan ni na shayar da fangalin Gajere da kafaɗuna, yana tsaye yana ce mini, "Yaya, ya isa hakanan," ko "Yaya, ƙara guga biyat." Da ladabi yake faɗa, kuma ladabin ne ma ke ƙona ni.

Wanda bai noma albasa ba zai ɗauka ruwa alheri ne a kowane lokaci. Ba haka ba ne. In ta ƙosa, ganyenta ya fara kwanciya, dole a yanke mata ruwa a bar ta da ƙishi kamar mako biyu, wuyanta ya bushe ya ƙulle. In aka shayar da ita a wannan tsakani za ta sake farkawa, ta kumbura ta yi kyau a ido, amma ruwan na nan a cikinta, kuma a rudu zai fito. Kowa a garinmu ya san wannan. Fangalin iri shi ake bari ƙarshe, sauran albasa duk an cire an ɗora wa jakuna. Ranar kasuwar Jega Baba da Gajere suka bi ayari da kaya na ƙarshe, gari ya watse, aka bar ni in gyara jinkan rudu. Na hau, na ɗaura ciyawa dami biyu, na sauko, ƙafafuna suka kama hanyar fadama. Rana tsaka ce, zafin bazara, ba kowa. Na tuɓe 'yar sharata na jiƙa, na naɗe wurin da sanda ke gogar gwafa don kada jigo ya yi kuka a ji daga gari. Sannan na ja. Ban taɓa jan ruwa da ƙarfi irin na ranar ba. Na buɗe fangalin na cika shi har ruwa ya kwanta, na toshe bakinsa, na koma na ƙarasa jinka. Kafin la'asar rana ta busar da saman ƙasa, ganyen da ya kwanta ya rufe sauran. Abin da nake so kaɗan ne a ganina, a ce hannun nan da ake ta yabo ya yi kuskure sau ɗaya. Da suka dawo Gajere ya miƙo mini ƙunshin soyayyen kifi da ya sayo mini tsaraba, na karɓa na ci.

Ranar cira albasar ta fito ƙatuwa jawur, har maƙwabta na leƙowa suna cewa bana Gajere ya yi abin kai. Baba ya tsuguna da ƙyar saboda bayansa, ya ɗauki ɗaya, ya dubi saiwarta, ya matsa wuya. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙe, aka kwashe aka shanya aka zuba a rudu. Damina ta sauka, muka koma gonar tudu, aka yi aurena, har na kusa mantawa. Sai cikin marka wari ya fara. Wanda ya taɓa jin warin ruɓaɓɓiyar albasa ba ya mantawa. Ya shiga ɗaki, ya shiga tuwo, ya kama tufafi. Ƙudaje suka yi wa rudu baƙi, wani ruwa mai yauƙi na ɗiga ta ƙarƙashin kara. Da muka yaye jinka, in ka sa hannu sai ya nutse. Mun wuni muna tsinta, abin da ya tsira bai cika ƙwarya ba, shi ma kafin ƙarshen damina ya bi sauran.

Baba ya tara mu a tsakar gida.

"Gajere, yaushe kay yanke ruwa?"

Gajere ya sunkuyar da kai. "Baba, ga alama ban yanke da wuri ba. Laihina na."

"Kawo gora."

Ya shiga ya ɗauko. Baba ya karɓa ya miƙo ta gefena, idonsa na kallon wani wuri.

"Kai, riƙe. Amma ranar zaɓe Gajere shi zamna kusa gare ka."

Zan so in ce kunya ta kama ni, amma ƙarya ne. Daɗi na ji, har na rasa inda zan sa fuskata kada a gani. Kunyar sai daga baya ta zo, kuma a kan Baba ta sauka. Irin da ke cikin gora ya ishe mu shukar shekarar, amma tunda ba albasar da za a mayar ƙasa, shekara mai zuwa gora ya wayi gari ba komai. Mutumin da ake sallama a zaurensa, shi ya ɗora wa jaki akumari ya tafi Fagada neman iri a wurin waɗanda shi ya ba su. Ya dawo da ƙyalle a ƙulle, kwana uku bai fita majalisa ba. A gari kuwa aka yi ta yi da Gajere, wai an ba maraya amana ya zubar, in ya wuce samari su toshe hanci. Har gidan da yake neman aure suka ja baya, sai bayan shekara biyu ya samu a wani wuri. Ina ji ina gani, na yi gum.

Daga nan gora ya zauna a ɗakina. Kaka ta rasu, Baba ya bi ta, Allah ya jiƙansu, muka raba gida muka ja danga a tsakani, amma ranar zaɓe ba ta canza ba. Duk ƙarshen damina za a shimfiɗa tabarma, in zauna a tsakiya kamar mai gari, in riƙa ɗauka ina ajiyewa a dama. Gajere na gefe, wai taya ni yake yi. Ba ya cewa na yi kuskure. Sai dai in na juya in sha ruwa ko in amsa sallama, in waiwayo in ga tarin ya sauya, manyan da na ajiye sun koma hagu. Ni na san ya sauya, shi ya san na sani, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. Iri ya dawo da sunansa har ya fi da, kuma da sunana ake kiransa a kasuwa. Na sha yabo iri iri, ko sau ɗaya bai wuce maƙogwarona ba. Mutane sun ɗauka wanda ya samu abin da yake so ya huta. Ni kam shekara da shekaru na yi ina kallon yatsun Gajere, gajeru masu kaushi, ina jin da ana musanya da na ba da kafaɗuna biyu har da goran a kai.

Yanzu iri a gwangwani yake zuwa, da hoton albasa a jiki, ka saya a shago a Jega ka buɗe ka yafa. Tana girma, tana cika buhu, manyan motoci na jira a bakin titi, ba mai tambayar ko za ta kai bayan damina. Masu sallama a zaurena sun ragu, sai tsofaffi da 'yan kaɗan da gwangwani ya taɓa ba su kunya. Babban ɗana mutumin injuna ne, ba ya bambanta albasar iri da ta miya, kuma bai damu ba. Ɗan Gajere kuwa, wanda magidanci ne yanzu da 'ya'yansa, tuni na ga yadda yake juya albasa a tafi, na kau da kai. Gajere kansa yanar ido ta rufe masa gani, sai an ja shi zuwa masallaci. Amma hannun na nan. Ƙarshen daminar da ta wuce ni na ɗauki kwando na kai masa har zaurensa da hantsi. Yana lalubawa yana warewa, dama da hagu, ko tsayawa ba ya yi. Na daɗe ina juya maganar kafin na fito da ita.

"Gajere, ƙarhi ya ƙare. So nika in sauke gora."

"Lokaci ya yi kam. Wa za ka ba?"

Ya san wanda nake so in ba, na san wanda ya dace, kuma ba mutum ɗaya ba ne.

"Yaya, kak ka wahal da kanka," ya ce, hannunsa na cikin kwando. "Ba ɗanka gora, nau shi riƙa zamnawa kusa garai ranar zaɓe. Hakanan Baba yay yi muna, ga shi mun kai tsuhwa lahiya."

"Baba yay yi muna mi?"

Ya dakata da albasa a hannu, ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Haba Yaya. Ashe ba ka sani ba? Ni na aza ka daɗe da ganewa." Ya yi 'yar dariya. "Duk hwadamar ga kai ɗai ka toshe bakin hwangali da diddige, kowa da hannu shika yi. Wanshekaren kasuwa nig ga sawunka ya bushe cikin laka. Ban hwaɗa ma kowa ba. Ranar cira Baba yag gani da idonai."

"Yac ce mi?"

"Sai da wari yat tashi yak kira ni bayan rudu. Yac ce, 'Gajere, in gora yaz zamna hannunka iri ba shi tsira, don ɗan'uwanka ba shi iya haƙuri, wata shekara ma sai ya koma. Bari in ba shi shi riƙe, kai ka riƙa zaɓe. Ka yarda a ce kai kay yi kuskure?' Nic ce na yarda."

"Har da auren da kar rasa?"

"Wanga kam ya yi man zahi," ya ce. "Amma ya wuce. Miƙo man sauran."

Na miƙa masa.

Shekara da shekaru ina tanadin ranar da zan faɗa masa, ina ganin ni ke riƙe da babban sirri, ashe ni kaɗai ne ba a sa a cikinsa ba. Na ɗauka ƙwatar gora na yi, ashe ba ni aka yi, yadda ake miƙa wa yaro mai rigima ludayi ya yi wasa don a samu a gama tuwo. Ya kamata in ce nadama ce ta fara zuwa mini. Ta zo, amma ba ita ce ta farko ba. Abin da ya fara soke ni shi ne bayan rudun nan: Baba ya ja shi gefe, ya rage murya, ya roƙe shi abu, ya amince masa da abin da ya fi gora nauyi. Ni kuwa bai taɓa neman komai a wurina ba sai ruwa. Tsoho da ni, da furfura har a gira, na zauna a zauren makaho ina kishin maganar da aka yi tun kafin a haifi 'ya'yanmu.

Kwana uku ban leƙa shi ba. A na huɗu, ana shirin yafa iri, na sauko da gora na ratsa ta gaban masallaci da shi a hannu don kowa ya gani, na sami ɗan Gajere a lambu. Na ce ya riƙe, fangalin iri ma nasa ne. Kada a ɗauka zuciyata ce ta wanke. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne a lallashi gidana da gora karo na biyu. Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya cire totuwa, ya zazzaga kaɗan a tafi ya murza, sannan ya ce da ladabi, "Baba, tokar ga ta ja laima, bari in sake ta." Ni da ke kwana da goran a ɗaki ban ji ba.

Da la'asar na bi ta zauren Gajere, na tarar labari ya riga ni. Na yi sallama, ya amsa, ya matsa mini a tabarma. Ina jira ya yi godiya, ko ya yi kuka, ko ya ce ya yafe, don na shirya abin da zan ce a kan kowanne. Sai ya lalubo gwiwata ya dafa yana murmushi.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Yaya ya girma."